Ƙwan macijiyata na lotsewa, a taimaka min

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon macizai. Macijin masara nake kiwo, ɗan Amurkan nan mai cin ɓera, marar dafi (kada hankalin kowa ya tashi). Macen ta saka ƙwai, na jera su kan jiƙaƙƙiyar gansakuka cikin roba mai murfi, zafi digiri 28. Kusan wata guda ke nan, ƙyanƙyasa kuwa sai wajen kwana 60. To ga biyu sun fara lotsewa, ɗaya ya yi rawaya har da fumfuna, kuma manne yake da lafiyayye. In ɓamɓare shi ko in ƙyale? Tsorona kada in yaga ɓawon na kusa, don laushi gare shi. Lotsewar fa, ƙarancin danshi ne? Ta ina zan ƙara ruwa bai taɓa ƙwan ba?