Sauƙaƙa darasi da ƙirƙirarriyar basira: taimako ne ko rage daraja?

Dakta Bashir: Yau sai na amayar da abin da ke cikina. A wannan zangon na yi amfani da ChatGPT wajen sauƙaƙa takardun laccata saboda ɗalibaina masu larurar gani da masu larurar ji. Takardun da a da hotunan shafuka ne, waɗanda NVDA, manhajar da ke karanta wa makafi rubutun kwamfuta, ke wucewa ba ta furta ko kalma ɗaya, sun zama rubutu mai kanun batutuwa, kowane zane da bayaninsa. Maimakon godiya, shugaban sashenmu ya kira abin lalaci. Ina nan a kan bakana cewa manhajar ChatGPT ta yi wa ɗaliban nan abin da kwamitinmu ya kasa yi a tsawon shekaru.

Farfesa Garba: Dakta, da bakinka ka ce ka sauƙaƙa. Jami'a ba wurin sauƙi ba ce, kuma duk digirin da aka sauƙaƙa hanyarsa an rage masa daraja, ko da niyyar mai yin ta alheri ce.

Malama Hauwa: Allah ya gafarta Malam, akwai bambanci tsakanin sauƙaƙa hanyar isa ga ilimi da rage ilimin kansa. Tsarin koyarwa na bai-ɗaya da cibiyar CAST ta Amurka ta ɓullo da shi ya ginu ne a kan haka: a gabatar da darasi ta hanyoyi daban-daban, a bai wa ɗalibi fiye da hanya ɗaya ta nuna abin da ya fahimta, amma ma'aunin cin jarrabawa yana nan yadda yake. Sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu ya mayar da wannan haƙƙi, ba alfarma ba.

Farfesa Garba: Wannan ƙa'ida ce ta takarda. Na taɓa jin labarin wani malami da manhajar ta taƙaita masa babi guda, ta zubar da rabin hujjojin.

Dakta Bashir: Wane malami ne, ranka ya daɗe, kuma a wace jami'a?

Dakta Nura: Ba abin mamaki ba ne idan malaman tsangayar ilimi sun goyi bayan sauƙi. Mu a kimiyya, lissafi ba ya sauƙaƙuwa.

Malama Hauwa: Dakta Nura, kai da kake raba wa ɗalibai hotunan rubutun hannunka, ba ka da bakin magana a kan tsangayarmu.

Aminu: Malamaina, ni makaho ne, ina karatun digiri na biyu, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban taɓa roƙon a rage mini komai ba. Damuwata ita ce bayanin zane da manhajar ke rubutawa, domin an taɓa ba ni wanda ya ce layin yana hawa alhali sauka yake yi, na haddace shi haka, sai a zauren tattaunawa abokina ya gyara mini. Mai ido zai ga kuskuren nan take, ni kuwa ba ni da hanyar ganewa. Shin Dakta yana duba kowane bayani kafin ya raba?

Dakta Nura: Kun ji ko? Har shi ya yarda sauƙi cuta ne.

Aminu: Ban faɗi haka ba, Dakta.

Dakta Salisu: A matsayina na tsohon ɗalibin Farfesa kuma mai kula da wannan zaure, ga abin da na fahimta. Akasarin masu magana sun amince cewa sauƙaƙawa barazana ce ga ingancin digiri, kamar yadda Farfesa ya yi gargaɗi tun farko, kuma shaidar Aminu ta ƙarfafa hakan. Malama Hauwa ta kawo wasu bayanai daga ƙasashen waje. Tambayar duba bayanin zane batu ne na fasaha, za a iya tattauna shi wani lokaci. An rufe muhawara.