Neman shawara: phi ya ƙi fitowa a LLVM IR

Abdul: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta ƙaramin kompaila don firojet ɗin shekarar ƙarshe, kuma ina so ya fitar da LLVM IR (harshen tsaka-tsaki na tsarin kompaila na LLVM) maimakon ya tafi kai tsaye zuwa asembilin x86. A kan SSA (Static Single Assignment), tsarin da LLVM IR ke bi, na maƙale. Ƙa'idar na gane ta: kowane suna sau ɗaya tak ake ba shi ƙima, idan kuma x ya zama 1 a reshen if, 2 a reshen else, umarnin phi ne ke zaɓa a mahaɗarsu. Amma da na gwada clang -S -emit-llvm a kan kod ɗin C (Clang shi ne kompailan C na LLVM), babu phi ko ɗaya, sai alloca da load da store. Shin ni zan lissafa mazaunin phi da kaina?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. A'a, kada ka wahalar da kanka. Dabarar Clang ce ka gani. SSA rijistoci ta ɗaure, ba ruwanta da memori, shi ya sa Clang ke ba kowane bariyabul gurbi a memori da umarnin alloca, daga baya mem2reg (wani matakin gyaran kod na LLVM) ya mayar da su rijistoci ya dasa phi inda ya dace. Yi kamar Clang. Sai dai ka tara duk alloca a bulok na farko na fankishin, don can mem2reg ke dubawa.

Hajara: Ƙari kan maganar Malam. A -O0 (matakin da ba a gyara kod), Clang na manna wa fankishin alamar optnone, wato kada a gyara shi, sai opt (manhajar da ke gudanar da mem2reg) ya tsallake shi. Ka sa -Xclang -disable-O0-optnone, sannan opt -passes=mem2reg -S. Kuma kada ka yi gwajin da -O1, yakan narkar da ɗan if irin naka ya koma select, umarnin da ke zaɓar ƙima ba tare da reshe ba. Da madauki (loop) ka gwada, nan phi ya fi fitowa sarai.

Yaya Musa: Na yarda da Malam wajen aiki, amma ƙanena, ranar kare firojet za a iya tambayarka yadda mem2reg ke sanin mazaunin phi. Ka karanta hanyar da Ron Cytron da abokan aikinsa na IBM suka wallafa a 1991. Ka zana buloka huɗu na if ɗinka a takarda, ka nemo bulok ɗin da hanyoyi biyu masu ƙima daban ke shiga.

Abdul: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Phi ya fito a madaukin. Malam, to jerin lambobi (array) fa, su ma mem2reg zai ɗauke su?

Malam Sani: A'a, wannan aikin wani matakin gyara ne mai suna sroa, shi ma sai idan tun kafin gudu an san gurbin da ake taɓawa.