Ruwan madara ko na hauren giwa: wanne zan shafa wa falo?

Mai tambaya, Tumfure: Assalamu alaikum. Saura wata ɗaya mu tare a sabon gida, an gama adon silin na POP, fenti ne ya tsaya min a rai. Farare biyu nake dubawa, a katin kala kamar Hassan da Hussaini, sai dai ɗaya ya ɗan ja ruwan ɗorawa, ɗayan ruwan hoda. Tayil ɗina ruwan toka ne. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan ruɗani ya faɗa min abin da ya gani.

Uwargida, Pantami: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki yarda da katin nan. Ni a shago na zaɓi mai ruwan ɗorawa, a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki. Tagar falona yamma take kallo. Da safe lafiya lau, amma da la'asar ta yi, rana ta shigo, sai bangon ya koma kamar kwaɓin koko. Shekara biyu ina kallonsa raina ba daɗi, kuma na riga na ɗinka labule a kansa.

Mai fenti, Jekadafari: Hajiya, sana'ata ce, ga abin da nake yi wa masu gida. Ki sayi ƙaramin gwangwani na kowanne. A shafa faɗin tabarma a bangon da ke fuskantar taga, a kuma shafa a lungu mai duhu, shafi biyu, a bari ya bushe sarai, domin ɗanyen fenti ba ya nuna ainihin kalarsa. A bar rata tsakaninsu, in suka haɗu ido yakan ruɗe. Ki duba da hantsi, da la'asar, da kuma bayan isha'i da wutar da za ki riƙa kunnawa. Ƙwan lantarki mai lamba 3000K, wato mai haske ruwan ɗorawa, yana ƙara wa bango ɗorawa, mai 6500K kuwa, wato mai farin haske, yana kashe ɗumin kalar. In kin yanke shawara, ki sayi bokitan lita 20 ɗinki gaba ɗaya, ki tabbata lambar haɗinsu ɗaya ce. Na taɓa ƙarasa falo da bokitin da aka sayo daga baya, sai da na sake shafe bango guda.

Magidanci, Bolari: Nawa tayil ma ruwan toka ne. Mai ruwan hoda na shafa, kusa da ƙasa ya zauna lafiya. A gidan yayana mai ɗorawar suka sa a kan irin tayil ɗin, kullum kamar bangon ya yi datti.

Malama, Tudun Wada: Ni ƙurar hunturu ce ta raba min gardama. Daga Disamba zuwa Fabrairu duk farin da ya cika haske sai ya tona asiri. Na ɗauki wanda ya fi duhu kaɗan, mai santsi da ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, saboda yarana uku.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Tagata ma yamma take kallo, gabana har ya faɗi da na karanta na Anti. Gobe zan aika a sayo gwangwanayen, in ɗauki ragowar tayil ɗaya in jingina a jikin kowanne.