Wace kalma za mu ba “supernova” da Hausa?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Malamai, ina neman kalmar da za ta tsaya a madadin “supernova”, wato ƙarshen da wasu taurari ke yi farat ɗaya da haske mai tsanani. Wasu na barin ta da Turancinta, wasu na rubuta sufanoba, wasu fashewar tauraro, wasu mutuwar tauraro. Akwai ma masu cewa babban sabon tauraro. Ina son wadda za ta zauna a baki, kuma ba za ta yi wa ilimin ƙarya ba.

Ɗalibar fiziks: Wa alaikumus salam. Ai ta ƙarshen ita ce ma'anar kalmar, tunda nova a Latin “sabuwa” ce. Me zai hana a bar ta haka?

Malamin ilimin taurari: 'Yata, ita ce kuwa ta farko da za mu ajiye gefe. A watan Nuwamba na 1572 Tycho Brahe, ɗan ƙasar Denmak, ya ga haske mai ƙarfi a wani wuri na sama da ya san babu tauraro a da. Shekarar da ta biyo ya fitar da ɗan littafinsa De nova stella, wato a kan sabon tauraro. Ba laifinsa ba ne, lokacin ba a ƙera madubin hangen nesa ba. Amma abin da ya gani tsohon tauraro ne a ranar ƙarshensa, wanda a da ya yi dishi-dishi har ido ba ya kama shi. Masanan Sin da suka ga irin haka a 1054 sun fi shi taka-tsantsan, “baƙon tauraro” suka ce, don ya zo ya tafi. Daga baya, a shekarun 1930, Walter Baade da Fritz Zwicky suka lura cewa wasu daga cikin waɗannan “sababbin” sun fi sauran haske nesa ba kusa ba, sai suka liƙa musu “super”. Turawa sun gaji sunan sun saba da shi. Mu da muke raɗa suna yau babu abin da ya tilasta mana mu ɗauko kuskuren mu kawo cikin harshenmu.

Mai fassara: To mutuwar tauraro fa, Malam? Ita kam ba ta yi ƙarya ba.

Malamin ilimin taurari: Ba ta yi ƙarya ba, amma ta yi faɗi da yawa. Sai na ɗan ja baya kafin a ga dalili.

Tauraro dunƙulen gas ne mai tsananin zafi, galibinsa haidirojin da hiliyom, kamar yadda Cecilia Payne ta nuna a 1925. Rayuwarsa duka kokawa ce tsakanin abu biyu: nauyinsa na danne shi zuwa ciki, zafin cibiyarsa na tura shi waje. Zafin nan daga haɗewar ƙwayoyin zarra yake fitowa. A cibiyar rana, inda zafi ya kai digiri miliyan 15, kowace daƙiƙa haidirojin wajen tan miliyan 600 ke komawa hiliyom, kimanin tan miliyan 4 daga ciki kuma ya rikiɗe ya zama makamashi. Arthur Eddington ya hango haka a 1920, Hans Bethe ya warware matakan a 1939. Muddin cibiya na ba da zafi, tauraro na tsaye.

Kowane tauraro zai ƙarar da abin da yake ƙonawa, amma ba hanya ɗaya suke bi ba. Rana ta yi shekara biliyan 4.6, saura mata kamar biliyan 5. Idan lokacin ya yi za ta kumbura ta yi ja, ta zubar da saman jikinta sannu a hankali, cibiyarta ta saura da girma kamar na duniyarmu tana hucewa. Wannan cibiyar ake kira farin wada. Mutuwa ce, amma ba supernova ba ce. A jerin rukunan taurari na O, B, A, F, G, K, M da Annie Jump Cannon ta tsara a Harvard farkon ƙarni na 20, daga masu zafi shuɗɗa zuwa masu dama-dama jajaye, rana tana G. Kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin gungunmu, wato babban tarin taurarin da rana ke ciki, 'yan M ne, ƙanana masu tsimin mai, ko ɗaya cikinsu bai ma kai ga mutuwa ba tun da aka fara samun taurari. Waɗanda muke nema wa suna ƙarshensu su ne 'yan O da manyan 'yan B, masu nauyin rana 8 zuwa sama, kuma tsiraru ne. In muka ce mutuwar tauraro, mun ba tsiraru sunan da na kowa ne.

Malamin Larabci: Allah ya ƙara basira, Malam. Larabawa sun kauce wa ramin “sabo” ɗin nan. Nova suna ce mata musta'ir, supernova kuma musta'ir a'azam. Tushen kalmar ɗaya ne da Sa'ira da muka sani, wato wutar da ta ruru. Kuma suna da hannu a tarihin: Ali bin Ridwan a Masar ya rubuta bayanin wadda aka gani a 1006, wadda ba a taɓa rubuta labarin wata da ta kai ta haske ba. Ko za mu ce babbar ruruwar tauraro?

Malamin ilimin taurari: Allah ya gafarta Malam, ka ba mu kalma, sai dai ba ta wannan ba ce. Ruruwa ta dace da nova ɗin kanta sosai. Nova farin wada ne da ke da abokin zama kusa, yana zuƙo haidirojin daga jikinsa. Gas ɗin ya taru a samansa, ya yi zafi, ya kama farat ɗaya, haske ya ƙaru ninki dubbai, sannan ya lafa. Tauraron yana nan daram, kuma zai iya sakewa. T Coronae Borealis ya yi a 1866, ya sake a 1946. RS Ophiuchi ya yi a 2006 ya kuma yi a 2021. Wuta takan ruru ta lafa ta sake ruruwa, shi ya sa kalmar ta zauna daidai. Amma supernova ba babbar nova ba ce, wani abu ne daban, kuma tauraro ba ya yin ta sau biyu. Nan Larabci ya bi Turanci ya ɗaura su a igiya ɗaya. Ni shawarata: nova, ruruwar tauraro; supernova, tarwatsewar tauraro.

Tsohon ɗan jarida: Malam, da girmanka, ni ina bayan fashewa. Mai sauraro ya san ta, kullum yana jin ta a labarai, ba sai an yi masa bayani ba. Tarwatsewa kuma ta fi zuwa da taro ko runduna.

Malamin ilimin taurari: Ranka ya daɗe, sanin da aka yi mata ne matsalarta. Masu labarai na cewa fashewa idan rana ta yi aman wuta daga samanta, za su ce fashewa ga nova, za su ce fashewa ga mafarin sararin samaniya. Kalma ɗaya ba za ta ɗauki wannan duka ba kuma ɗalibi ya bambance. Ga kuma abin da ya fi wannan: a manyan taurari, abin da ke faruwa da farko ba fashewa ba ne, faɗawa ciki ne.

Ɗauki tauraro mai nauyin rana 25. Haidirojinsa zai kai shi shekara kamar miliyan 7 kacal, don babba ya fi ƙarami ɓarnar mai. Sai ya koma ƙona hiliyom, ƙasa da shekara miliyan ɗaya. Kabon, 'yan ɗaruruwan shekaru. Iskijin, watanni. Silikon, kamar yini guda. Kowane mataki ya fi na baya zafi da gajarta, har cibiya ta zama ƙarfe. A nan hanya ta ƙare, domin haɗa ƙwayoyin ƙarfe ba ya ba da makamashi, ci ma yake yi. Kamar a zare ginshiƙin da ke riƙe da rufi ne. Cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya cibiyar da ta kai girman duniya ta rufta ta koma 'yan gomman kilomita. Saman tauraron ya biyo ta da gudu, ya ci karo da ita ta riga ta sandare, ga ambaliyar nutirino, wasu ƙwayoyi marasa nauyin kirki da ke ratsa kusan komai, na turo shi, sai ya yi waje da gudun dubban kilomita a daƙiƙa. Kashi 99 cikin 100 na makamashin nutirino ne ke tafiya da shi. Hasken da ke iya yin gogayya da na gungun taurari sukutum ɗan abin da ya rage ne. An ga hujjar haka ranar 23 ga Fabrairu, 1987, lokacin da na'urori a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kama nutirino ashirin da 'yan kai daga wani tauraro a Babban Gajimaren Magellan, wani ƙaramin gungun taurari maƙwabcin namu, awanni kaɗan kafin a ga haskensa, bayan tafiyar shekara wajen 168,000.

Wato ruftawa ce sanadi, tarwatsewa ce sakamako. Fashewa ba ta faɗi ko ɗaya daga ciki sosai ba.

Ɗalibar fiziks: Malam, ina da ja. Abin da ya tarwatse ai babu saura. Amma na 1054 ya bar tauraron nutiron, wato cibiyarsa da ta matse ta sandare, a tsakiyar gas ɗin da ya bazu, wanda ake kira Gajimaren Ƙaguwa, yana juyi sau 30 a daƙiƙa. Wasu kuma baƙin rami suke bari, wanda ko haske ba ya iya kuɓuce masa. Ba mu sake yin ƙaryar da muke gudu ba?

Malamin ilimin taurari: Madalla da wannan ja. Duba lissafin: tauraron nutiron nauyinsa bai fi na rana 1.4 zuwa 2 da ɗoriya ba, faɗinsa kilomita 20 ko kusa da haka. Tauraron da ya haife shi kuwa ya fara da nauyin rana 8 ko 10 ko 20. Mafi yawan jikin ya tafi. Gas ɗin Gajimaren Ƙaguwa har yau gudu yake, wajen kilomita 1,500 a daƙiƙa, kusan shekara dubu bayan an ga abin. Idan runduna ta tarwatse ba a cewa ƙarya ne don an tarar da mutum ɗaya a fili.

Sannan akwai iri na biyu da ban ambata ba, wanda kalmar ta fi kamawa. Farin wada ba zai iya ɗaukar nauyin da ya wuce na rana 1.4 ba, Subrahmanyan Chandrasekhar ne ya gano iyakar yana saurayi a 1930. Idan wadan ya yi ta zuƙar abokinsa har ya doshi iyakar, ko ya haɗe da wani wadan, kabon ɗin cikinsa ya kama gaba ɗaya cikin daƙiƙoƙi, ya yi kaca-kaca, galibi ba ya barin komai. Na Tycho irin wannan ne, na 1006 ma haka. Da yake haskensu kusan ma'auni ɗaya ne, da su aka auna nisa aka gano a 1998 cewa buɗewar sararin samaniya ƙara sauri take yi. Sanadin iri biyun daban ne, abin da ya haɗa su shi ne jikin tauraro ya bazu a sarari. Bazuwar nan kuwa ita ce aikin: iskijin da kalsiyom da ƙarfen da aka ƙera a ciki su shiga gajimaren gas, daga nan a samu wasu taurarin da duniyoyinsu.

Mai fassara: Ke nan iri biyun za mu iya cewa tarwatsewa ta ruftawar cibiya, da tarwatsewar farin wada. Na gwada ta a jimla kuma na ga wata fa'ida: tana da aikatau. “Ana sa ran tauraron Betelgeuse zai tarwatse cikin shekara 100,000 masu zuwa.” Da sufanoba sai dai in ce “zai yi sufanoba”, wanda bai faɗa wa mai karatu komai ba. Kuma ba baƙon tsari ba ne, tauraruwa mai wutsiya ma da siffarta muka kira ta.

Malamin Larabci: Na yarda, da sharaɗi ɗaya. A kiyaye jam'i. A Suratul Infiɗar masu tafsiri kan ce “idan taurari suka watse”, kuma wannan maganar tashin Alƙiyama ce. In aka rubuta tarwatsewar taurari haka tsirara, wani zai ɗauka ayar ake fassarawa. A bar tauraro tilo a cikin sunan, kada kuma a gajarta zuwa watsewa. In ana son ƙirga, a ce taurari uku da suka tarwatse.

Tsohon ɗan jarida: Ban sauka daga kan fashewa gaba ɗaya ba, a kanun labari har yanzu ita zan sa don gajarta. Amma a cikin labarin zan bi ku. Abin da nake roƙo, a farkon ambato a rubuta “tarwatsewar tauraro, wato supernova”, don yaro ya san abin da zai nema a intanet. Sufanoba kam a bar ta, ba ta yi wa mai Hausa amfani ba, ba ta yi wa mai bincike ba.

Ɗalibar fiziks: Saura abin da ke zama bayan an tarwatse, Malam. Ɓaraguzai ko ɓurɓushi?

Malamin ilimin taurari: Ɓurɓushi ya yi ƙanƙanta ga abin da haske ke shekara 11 kafin ya ratsa shi, kamar Gajimaren Ƙaguwa. Ɓaraguzan tauraro ya fi, ga gas da ƙurar da suka bazu kawai. Cibiyar da ta saura kada a sa ta ciki, tana da nata sunan: tauraron nutiron ko baƙin rami.