Wace kalma za mu ba "strain" a gwajin gurɓatar ruwa?

Jama'a, ku taimaka mini. Ina fassara bayani kan yadda ake auna dafin sinadarai da kifi, sai kalmar "strain" ta tsaya mini a wuya. Kifin shi ne zebrafish, ɗan mitsitsi mai ratsi-ratsi, wanda asalinsa rafuka da gonakin shinkafa ne a Indiya da Bangladesh. A gwajin da ƙungiyar OECD, ta haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta tsara, ana barin kifayen awa 96 cikin ruwa mai sinadari, a gano adadin sinadarin da ke kashe rabinsu. To, zebrafish na ɗakunan bincike ba ɗaya ba ne, kashi-kashi ne, kuma kowane kashi shi ake kira "strain": ga AB na Jami'ar Oregon, ga Tübingen na Jamus, ga WIK da aka samo daga Kolkata. Na rubuta "iri", amma raina bai kwanta ba.

Wata malamar kimiyya: Malam, "iri" ya cika faɗi. Tarwaɗa iri ce, karfasa ma iri ce. "Jinsi" kuma ya shafi kifin gaba ɗayansa.

Wani dattijo: Mu a shanu muna cewa irin Bunaji, irin Rahaji, kuma duk saniya ce. Me ya hana?

Ni: Gaskiyarka, Baba, amma Bunaji da ido ake gane ta. AB da WIK kuwa, ko ka zuba musu ido da wuya ka raba su.

Malamar: Shi ya sa nake ganin "zuri'a" ta fi, don tana nuna kakanni ɗaya. Waɗannan kifaye daga 'yan tsirarun iyaye suka fito, suna ta barbara a junansu shekara da shekaru, har gadonsu ya ƙuntace idan aka kwatanta da na daji. Kuma gado na sauya sakamako: ƙananan kifayen killifish na gaɓar New Bedford a Amurka sun gaji jure sinadarin masana'antu mai guba da ake kira PCB, wanda ke hallaka 'yan uwansu na ruwa mai tsabta. Mai gwaji da bai faɗi zuri'ar kifinsa ba, rabin labari ya bayar.

Ni: Na karɓa, Malama. "Zuri'ar AB", "zuri'ar WIK". Saɓanin da ke tsakaninsu kuma in kira shi "bambancin gado"?

Dattijon: Ka sa "ƙwayoyin gado", ɗana. In ka ce gado kawai, wani zai zaci gonar marigayi ake rabawa.