Mastas a Ingila da kuɗin gida: waɗanda suka yi, ku faɗa mana yadda abin yake

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum, yayyena. Na samu gurbin digiri na biyu na shekara ɗaya a wata jami'a a arewacin Ingila, fannin lafiyar al'umma, amma babu tallafi. Baba ya ce zai sayar da filinsa a biya rabin kuɗin makaranta, ni kuma in cika sauran da aiki idan na isa. Ina da mata da yaro ɗaya. Don Allah wanda ya taka wannan hanya ya gaya mini abin da ya gani da idonsa.

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam, ƙanina. Allah ya sanya alheri. Wannan magana ta "in cika sauran da aiki" ita ce ta sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Na shiga a Janairun 2023. A lokacin muna biyan kuɗin makaranta ta banki da Form A, takardar neman canjin kuɗin waje, a farashin gwamnati, fam ɗaya bai kai naira 600 ba. Ranar 14 ga Yuni, 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, zuwa Fabrairun 2024 fam ya doshi naira 2,000. Kuɗin da iyali suka ajiye don kashi na ƙarshe ya koma bai kai rabi ba. Na zauna da yara 'yan Najeriya waɗanda aka rufe musu shafin karatu saboda bashi, suna zuwa laburare katinsu ba ya buɗe ƙofa. Kuma jami'ar da ta ɗauki nauyin bizarka wajibi ne ta sanar da hukumar shige da fice idan ta cire ka daga rajista. Wannan ne ke hana mutane barci.

Batun aiki kuwa, bizar ɗalibi awa 20 kacal ta yarda maka a mako lokacin karatu. Mafi ƙarancin albashi a Afrilun 2024 fam 11.44 ne a awa, an ƙara shi daga baya. Ka buga lissafin da kanka: zai biya maka ɗaki, abinci da kuɗin bas, shi ke nan. Ba zai biya kuɗin makaranta ba. Ni gidan kula da tsofaffi na yi, aikin dare. Ka yi wa dattijo wanka, ka canza masa shimfiɗa, ka fito da sanyin safiya hannunka na warin sabulun asibiti, ka wuce aji kai tsaye. Aikin halal ne, ban raina shi ba, amma a jikin karatun yake cin rabonsa. Idan kuɗin makarantar bai cika a hannu ba tun daga gida, ka nemi su ɗage maka gurbin zuwa baɗi.

Maman Sudais: Ɗan Gwale, ka ce kana da iyali. Ka sani tun 1 ga Janairu, 2024 mai mastas na aji ba ya zuwa da mata ko 'ya'ya. Masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu ne kawai aka bari. Ni dokar ta same ni, na bar yarana wajen Hajiyata a Zariya. Ƙaramar takan ɗauki wayar ta leƙa bayanta tana nema na. Ku zauna da matarka ku yi maganar nan sosai, a san wa zai riƙe gidan, kuma da me. Kada ka yi mata alkawarin aiko kuɗi duk wata.

Malam na Samaru: Sun yi maganar kuɗi, ni bari in taɓa karatun kansa, don shi ya kai mu.

Ina koyarwa a gida kafin in tafi, duk da haka tsarin ya zo mini baƙo. Darasin da za ka zauna a aji bai da yawa a mako, sauran lokacin naka ne da jerin muƙalun da aka ba ka. Babu takardar malami da za ka haddace ka mayar masa. Aikina na farko ya dawo da maki hamsin da 'yan kai, malamar ta rubuta a gefe cewa na kawo abin da masana suka faɗa tsaf, to ni mene ne hukuncina, kuma da wace hujja? Mu da aka rena a kan cewa ba a ja da malami, sai ga malami yana ba ka maki saboda ka ja da shi da ladabi. A can 50 ne cin jarrabawa, 70 kuwa shi ne matakin ƙoli, don haka kada ranka ya ɓaci idan ka ga 62.

Su kuma ba sa wasa da satar rubutu. Kowane aiki sai ya bi ta Turnitin, manhajar gano satar rubutu, jimlar wani da ka ɗauka ba ka ambace shi ba tana iya kai ka gaban kwamiti. Akwai sashen da ke koyar da rubutun ilimi kyauta a jami'a, ka je tun makon farko. Malamai suna da lokacin ganin ɗalibai a ofis, mu mutanenmu kunya ke hana mu ƙwanƙwasawa, alhali kuɗinka ne ya biya wannan lokacin. Wani abin da ya kamata ka sani: watannin rubuta kundi, daga Yuni zuwa Satumba, yawancin jami'o'i suna lissafa su a lokacin karatu, wato awa 20 ɗin tana nan. Masu cewa za ka tara kuɗi da hutun bazara ba su faɗa maka wannan ba.

Yayar Ummi: A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin huɗu ta faɗi. Azahar, La'asar da Magariba duk suna iske ka a makaranta, to ka fara gano ɗakin sallah. Duhun nan yana taɓa zuciya, ni sai da na haɗu da 'yan uwa a masallacin Juma'a muka riƙa cin tuwo tare ranar Lahadi sannan na dawo daidai. Ka taho da kuka, busasshiyar kuɓewa da daddawa. Kilishi kam ka bar shi a Kano, an hana shigo da nama.

Baban Hanifa: Na manta kuɗin lafiya da ake biya tare da biza. Fam 776 ne a shekara ga ɗalibi tun Fabrairun 2024, kuma da yake bizar mastas tana zarce shekara da 'yan watanni, na shekara ɗaya da rabi za ka biya gaba ɗaya kafin a ba ka biza. Kuɗin zaman da za ka nuna wajen neman biza kuma sai sun kwana 28 a jere a asusu ba a taɓa su ba.

Ɗan Gwale: Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa Baba duka bayan Isha'i. Ya ce a bar filin tukuna, in rubuta wa jami'ar a ɗage gurbin zuwa baɗi, in nemi tallafin karatu na Chevening ko Commonwealth a wannan zagayen. Malam na Samaru, idan ba damuwa, zan turo maka takardar neman tallafin ka duba mini kafin in aika.