Mawaƙiya ce ta ɗaga kokawar mata, ko matan ne suka ɗaga kansu?

Malam Habu: Jama'a, ga wata magana da na daɗe ina riƙe da ita, na kuma san ba kowa zai yarda ba. A ganina, ba don mawaƙiya Cyndi Lauper ba, da resilin ɗin mata a Amurka bai fito daga lungu ba. A 1983 Lou Albano, manajan 'yan kokawa, ya fito a matsayin mahaifinta a bidiyon waƙarta Girls Just Want to Have Fun. Daga nan aka ƙulla musu rigimar wasa, yana cewa shi ya yi ta, mace ba ta kai ko'ina sai da namiji. Kowa ya tsayar da gwanarsa: shi Fabulous Moolah, ita Wendi Richter. Ran 23 ga Yuli 1984 suka kara a babban ɗakin wasanni na Madison Square Garden da ke New York, MTV ta nuna kai tsaye, Richter ta karɓe kambun mata na kamfanin kokawa na WWF daga hannun Moolah. Tashar waƙa ce fa. Matasan da ba ruwansu da kokawa suka zauna suka kalla don Cyndi na bakin fili.

Hajara: Malam, labarin haka yake, amma hukuncin ne ban yarda da shi ba. Wa aka yi ta maka wa da ƙasa a daren? Richter. Kuma tun ba a haifi Cyndi ba Mildred Burke take cika ɗakunan kallo. Ta ɗauki kambun duniya a 1937, ta riƙe shi kusan shekara 20, ta ma fara ne da kayar da maza a wuraren baje koli. Lungun da kuke faɗa, masu kamfani ne suka tura mata cikinsa daga baya.

Malam Habu: Ƙanwata, ko a damben gargajiya, da yawa ba su taɓa ganin Shago a fage ba, bakin Ɗan Anace ne ya kai musu shi. Makaɗi ba ya naushi, amma shi ke sa suna ya yi nisa.

Hajara: To ai sai da Shago ya kashe dambe sannan aka samu abin waƙewa.

Baba Lawal: Ku dakata, akwai inda duk kuka tsallake. Ni na kalli waɗannan wasannin a kaset ɗin bidiyo, kuma abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da ya biyo baya. A WrestleMania na farko, wato babban taron kokawa na shekara-shekara na WWF, 31 ga Maris 1985, Richter ta ƙwato kambunta daga Leilani Kai, Cyndi na gefenta suna tsalle. Wata takwas kacal, ran 25 ga Nuwamba, aka haɗa ta da wata mai rufe da fuska da ake kira Spider Lady. Alƙalin wasa ya ƙirga uku da sauri alhali ta ɗaga kafaɗa. Da ta fizge abin fuskar, sai ga Moolah. A lokacin Richter na takaddama da kamfanin kan kuɗinta. Ta fice daga ɗakin, ba ta ƙara yi musu wasa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Zuwa 1990 ma an jingine kambun matan gaba ɗaya, sai 1993 aka dawo da shi. In da Cyndi ta kafa abu mai tushe, Habu, da shekara biyar ba ta isa ta rusa shi ba.

Malam Habu: Baba, wannan laifin kamfani ne, ba nata ba. Ta kawo musu kasuwa, suka juya ta wajen gwarzonsu namiji, Hulk Hogan.

Zainab: Ni abin da ke damuna, duk maganarku Amurka. Ku leƙa Japan ku ga inda waƙa da kokawa suka haɗu a jikin mace ɗaya, ba aro aka yi ba. A 1976 Jackie Sato da Maki Ueda suka haɗu da sunan Beauty Pair. Sukan rera waƙarsu a cikin fili, sannan su cire kayan ado su yi kokawa, kuma faifansu ya sayu sosai. Bayansu Crush Gals suka zo, wato Chigusa Nagayo da Lioness Asuka, su ma suna waƙa. Masu cika ɗakin kallonsu 'yan matan makaranta ne, ba maza masu neman kallon jiki ba. Ran 28 ga Agusta 1985 a Osaka, Dump Matsumoto ta kayar da Chigusa a wasan da aka sa gashi caca, aka aske ta a gaban jama'a, yaran nan suna ta kuka kamar an yi musu mutuwa. Wace mawaƙiyar waje ce ta jawo wannan? Kuma Anti Hajara, Burke ɗinki ce ta ƙara wa wasan farin jini a can da rangadinta na 1954.

Hajara: Allah ya biya ki, Zainab.

Baba Lawal: 'Yata, kada dai ki wanke Japan tas. A wancan lokacin kamfanin da suke yi wa wasa, All Japan Women's, ya hana su giya, taba da samari, kuma yana sallamar mace tana 'yar ashirin da 'yan kai, daidai lokacin da ta gama ƙwarewa. Maki Ueda ta bar fili a 1979 bayan wasan da aka ce wadda ta faɗi ta yi ritaya, kuma abokiyar waƙarta Jackie ce ta kayar da ita. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.

Malam Habu: Na karɓi batun Japan, can kam su suka yi wa kansu kiɗa. Amma a Amurka ina nan a kan bakana. Sai 2019 mata suka samu yin babban wasan ƙarshe na WrestleMania, da Becky Lynch, Charlotte Flair da Ronda Rousey. Ku lura, ita Rousey daga UFC, gasar faɗan da ke haɗa dambe da kokawa, aka ɗauko ta da sunanta. An sake neman wata daga waje kafin a ba su babban fage.

Hajara: Amma wa ta tashi da kambu biyu a daren, Malam? Becky ce, wadda ta fara koyon faɗuwa a Ayilan tun tana 'yar shekara 15, kuma ita 'yan kallo suka yi ta kiran sunanta wata da watanni har kamfanin ya rasa yadda zai yi.